Turmi Ɗaya, Tsohuwa Ɗaya

Shekara huɗu kuna tura wa juna hoton tsohuwar nan mai daka kuna dariya, da an zo maganar ko wace ce ita sai ku kau da kai. To, daren jiya na yi mafarki da ita, kuma sai kun saurara.

Ga wanda bai san ta ba: a shirin talabijin na ranar Laraba, duk sanda 'ya'yan marigayi Alhaji ke rigimar gado a tsakar gida, akwai wata tsohuwa can baya tana daka. Ba ta taɓa cewa uffan ba. Sai dai in wani ya shara ƙarya, ta tsayar da taɓarya ta dube shi. Wannan kallon ne ya sa gari ya bar jaruman ya koma mata.

A mafarkin na tsinci kaina a ofishin darakta da hantsi. Daraktan bunsuru ne, da tabarau, yana cin shafi na tara na labarin mako mai zuwa.

"Yau za mu mayar da ita sito," in ji shi. Ya miƙo mini takardar kayan aiki: tabarma biyu, turmi ɗaya, taɓarya ɗaya, tsohuwa ɗaya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutum ce fa."

"Mutum da suna ake saninsa. Kawo sunanta kafin la'asar in cire ta daga cikin kaya. In ba haka ba, firji za mu sa a wurinta. Firji ba ya hararar jarumi."

Sai ga ni a kasuwa. Kowa na sanye da atamfa mai fuskar tsohuwar, har da mahauta. Na tare Uwani mai kitso, wadda a farke ma maƙwabciyarmu ce.

"Ai ni ran Laraba tuwo ba ya wuce mini sai na gan ta," ta ce.

"Yaya sunanta?"

"Mai Turmi mana."

"Na yanka nake nufi."

"Kai ɗan boko ka cika fitina. Kallo muke yi, ba ɗaurin aure ba."

Nan aka fara ruwa, daga ƙasa yana hawa sama. Da na duba da kyau, ashe sunaye ne, irin waɗanda ke wucewa a ƙarshen shiri. Nan take kasuwa ta watse, kowa ya tuna yana da abin yi a kicin. Na kifa kwano na tari abin da ya samu. Na sami sunan jarumi, da direbansa, da mai gyara masa gemu, da kyanwar da ta gifta sau ɗaya a kashi na arba'in. Ɗigon ƙarshe ƙarami ne, an rubuta masa "da sauransu".

Sai ga ni a tsakar gidan marigayi Alhaji. Tsohuwar tana daka. Na leƙa turmin, babu komai.

"Sannu da aiki, Iya."

"Yauwa ɗan nan. Matsa, ka tare mini haske."

"Ashe kina magana?"

"In an kashe na'ura."

"Me kike dakawa?"

"Ban tambaya ba. Su ma ba su taɓa tambayata komai ba."

Raguna biyu suka shigo ɗauke da firji, na uku yana jan buhu daidai tsawonta. La'asar ta riga ta iso, tana bakin ƙofa tana cire takalmi.

Na ce, "Iya, don Allah sunanki, da sauri."

Ta tsayar da taɓarya, ta yi mini kallon nan da nake yi wa dariya tun ina jami'a.

"Kai ma sai yau?"

Ta gyara ɗaurin zaninta, ta share baki, ta ce, "Sunana..."

Sai mai markaɗen layinmu ya tayar da injinsa, na farka.

Ban ji sunan ba, ku ma ba ku san shi ba. Lambar gidan talabijin ɗin tana nan a ƙasan allo kowane mako. Ranar Laraba ku kira, ku tambayi sunan matar, ku ce a rubuta shi a jerin mutane. Kada ku ajiye wayar sai an faɗa muku.