Haƙoran Takalmin Kefas

Su huɗu ne a gidan, a wani lungu na Jushi, cikin Sabon Garin Zariya. Sati shumeka ne, yana da rumfa a bakin kasuwar Sabon Gari. Matarsa Susanna tana sayar da tumatir da tattasai a cikin kasuwar. Sai 'yarsu Dinatu mai shekara goma sha ɗaya, da Kefas ƙanen Sati, wanda ya gama sakandare shekara biyu da suka wuce, ya zaga ofisoshin Zariya da takardunsa har gefensu ya yi baƙi. Ba su rasa tuwo ba, ba su rasa wurin kwana ba. Aikin Kefas suka rasa. A safiyar wannan Asabar ta bazarar 1976 kuma, sun rasa wani abu ƙarami, wato ƙirgi.

A wancan lokacin yawancin 'yan ƙwallon unguwa wurin shumeka suke kai takalmansu. Shi zai yanka fata kamar girman kwabo, ya ɗora guda uku ko huɗu a kan juna, ya kafa su a tafin takalmin da ƙusoshi. Su ake kira haƙora, su ke riƙe ɗan wasa kada santsi ya kwashe shi. Ƙirgin saniya ake sawa, don shi ke jure wa ƙasa. A Sabon Gari kuwa, in dai haƙora ne, to na Sati ne.

Dinatu tana zaune a kan akwatin kayan aiki tana miƙa masa ƙusa ɗaya-ɗaya. Ta matsa fatar da ya yanka tsakanin yatsunta.

"Baba, wannan ai ta akuya ce."

"Na sani, uwata."

"Kai ka ce ta faye laushi."

"Mai ƙirgi sai Litinin zai zo. Na ninka ta biyar. Minti casa'in kawai nake so ta yi mini." Ya ɗora takalmin a kan ƙarfe, ya buga. "Miƙo wata."

Takalmin Kefas ne. Da yamma ƙungiyarsa, Taurarin Jushi, za ta je Samaru ta kara da Haɗin Kan Samaru, kuma kowa ya ji labarin cewa Mista Julius zai zo kallo. Mista Julius shi ke horar da ƙungiyar wata masaƙa a Kaduna. Duk wanda ya ɗauka, ana ba shi aiki a masaƙar, har da ɗaki. An ce ɗan baya yake nema, Kefas kuwa ɗan baya ne.

Ɗanmalam tela ya leƙo daga rumfar da ke kusa, da awo rataye a wuyansa. Shi haifaffen Bomo ne, kusa da Samaru, don haka Samaru yake so.

"Sati, ka ja wa ƙanenka kunne. Yanzu ba zamaninku ba ne da kuke karya mutane kuna cewa ƙwallo. Malam Ahmadu ne rafali yau. Tun da ya dawo daga kwas, kati biyu ne a aljihunsa."

"Kati!" in ji Sati. "Mun yi shekara goma sha biyu muna tsaron baya ba mu san kati ba. Kafaɗa da kafaɗa, mai ƙarfi ya wuce. Yanzu in ka yi wa ɗan gaba atishawa sai ya faɗi, a busa. Shi kuwa ya ja maka riga, ya taka ka, ya sa maka gwiwar hannu a haƙarƙari, rafali yana kallon tsuntsaye."

"To mu raga muke zuwa mu ga ta girgiza. Wa zai bar ɗinkinsa ya je ya ga an tashi babu ci?"

"Kai dai tela ne. Wanda ya san ƙwallo, tsaro yake kallo."

"Shi ya sa gwiwarka take ƙara kamar tsohuwar ƙofa."

Dinatu ta yi dariya, Sati ya harare ta da wasa. Ya shafa haƙoran da tafin hannunsa, sumul, babu kan ƙusa ko ɗaya a waje. Ya sa takalman a jakar buhu ya ba ta. Aikinta ke nan duk ranar wasa: ita ke kai su, ita ke dawo da su.

Da azahar ta wuce suka shiga ƙaramar bas ta haya, kiya-kiya, zuwa Samaru. Duk hanyar Kefas yana ta murza yatsunsa, har Sati ya dafa masa cinya.

"Kada ka kalli mutumin Kaduna. Ƙwallo za ka kalla."

"To, Yaya."

Filin wata makarantar firamare ne, an zagaye shi da igiya. Ba kamar na Jushi mai rairayi ba, wannan jar ƙasa ce mai tsakuwa, ruwa bai taɓa ta ba tun bara. Ɗalibai sun cika gefe ɗaya da ganguna da gwangwanaye, mutanen Sabon Gari suna ɗaya gefen. A ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro an ajiye kujera guda, wani mutum mai farar taguwa yana zaune da ƙaramin littafi a kan gwiwarsa.

Malam Ahmadu, siririn malamin makaranta mai tabarau, ya jera 'yan wasa, kowa ya ɗaga ƙafa ya duba tafin takalminsa. Ya shafa na Kefas, ya wuce.

Ba a yi minti goma ba Sati ya fara ƙorafi. Kefas ya sa kafaɗa ya ture Remi, ɗan gaban Samaru, wani ɗalibin jami'a mai gudu kamar barewa. Usur ya yi ƙara.

"Kafaɗa ce, Malam! Kafaɗa! A wane littafi aka hana?"

Can kuma Remi ya riƙe rigar Kefas har ta yage a hammata, ba a busa ba. Mutanen Sabon Gari suka ɗauki ihu.

"Rafali, goge tabaran!"

"A ba 'yan baya igiya su ɗaure hannuwansu mana, mu huta!"

Dinatu ta ƙirga a ranta: an busa wa 'yan bayan Jushi sau bakwai kafin hutu, 'yan gaban Samaru sau ɗaya. Ta ga babanta yana da gaskiya. Duk da haka Remi bai wuce Kefas ba ko sau ɗaya, kuma duk lokacin da Kefas ya ƙwace ƙwallo, mai farar taguwa yakan sunkuya ya yi rubutu.

Bayan hutu Jushi ta ci ɗaya. Saura minti kaɗan a tashi, aka jefa wa Remi doguwar ƙwallo, ya bi ta shi kaɗai ya shiga da'irar gola. Kefas ya biyo shi ta gefe, ya zube ƙasa ya zame, ya taɓa ƙwallon da ƙafar dama ta fita waje. Kowa ya gani, ƙwallo ya fara taɓawa. Malam Ahmadu ma ya nuna bugun kwana.

Amma Remi bai tashi ba. Yana riƙe da ƙwaurinsa yana kururuwa. Malam Ahmadu ya je ya durƙusa, ya ja safar ƙasa. Da ya miƙe, fuskarsa ta sauya. Ya nuna wurin bugun fenariti, sannan ya sa hannu a aljihu ya ɗaga wa Kefas jan kati.

"Kwana ka nuna!" Muryar Sati ta fi ta kowa. "Da hannunka ka nuna kwana!"

Kefas ya fito a hankali. Ya zauna a bayan igiya, ya kwance takalman ya jefar da su gefe, ya sa kai tsakanin gwiwoyinsa. Samaru ta buga ta ci. Mai farar taguwa ya ja layi ɗaya a littafinsa, ya rufe, ya sa a aljihu.

Ana busa tashi, mutanen Sabon Gari suka tsallake igiya. Sati ne a gaba, yana ɗingishi, amma ya riga samari isa. Suka zagaye Malam Ahmadu a tsakiyar fili.

Dinatu ta je ta ɗauki takalman don ta sa a jaka. Tana kama na dama, wani abu ya soke ta a yatsa. Ta juya shi. Haƙoran gaba guda biyu sun cinye, tsakuwa ta goge fatar akuyar har ƙasa. Ƙusoshi huɗu suna tsaye tsirara, kawunansu sun wasu sun yi kaifi, akwai jini a jikin biyu. Ta tsotsi yatsanta. Ta kalli Kefas, kansa yana ƙasa. Ta kalli mai farar taguwa, ya miƙe yana kakkaɓe wandonsa.

Ta kutsa cikin taron ta tsakanin ƙafafun manya, takalmin a ƙirjinta. Ta tarar Malam Ahmadu yana magana, bai ja da baya ba.

"Malam Sati, ba na musu, an ce mana a kwas mu kare 'yan gaba. Amma wannan ba shi ba ne. Je ka duba ƙafar yaron, tsaga biyu ce har kusa da ƙashi. Wanda ya nufi ƙwallo ba ya yin haka. Da gangan ya taka shi."

"Kefas? Kefas da ko kaza ba ya iya yankawa? Ka dai ga ɗan jami'a ya yi kuka..."

"Baba."

"Koma baya, uwata."

"Baba, riƙe."

Ta sa masa takalmin a hannu, tafin yana sama.

Sati ya duba. Ya kai babban yatsansa ya taɓa ƙusar farko, ya taɓa ta biyu. Na kusa da shi suna ta ihu, ba su lura ba. Jakar buhun tana rataye a kafaɗar Dinatu, bakinta a buɗe, kuma ta ga idonsa ya sauka a kanta. Rabin mutanen da ke wurin, shi ke yi musu haƙora, su ko 'ya'yansu.

Ya ɗaga takalmin sama.

"Ku yi shiru. Ku yi shiru, na ce!" Ya juya wurin Malam Ahmadu. "Malam, ba taka shi ya yi ba. Duba nan. Zamewa ya yi, ƙusa ta bi ta kan yaron. Ni na yi aikin nan da safe. Ƙirgi ya ƙare mini, na sa fatar akuya."

Wani daga baya ya ce, "Fatar akuya, Sati? Kai?" Wani ɗan wasan Jushi ya zauna a ƙasa nan take ya ɗaga nasa takalmin yana dubawa.

Malam Ahmadu ya karɓa, ya cire tabarau ya kai shi kusa da idonsa.

"Da na duba kafin wasa lafiya lau suke."

"Lafiya suke a lokacin. Filinku ne ya cinye su."

"Ba zan iya soke abin da na busa ba."

"Ban ce ka soke ba. In za ka rubuta rahoto, ka rubuta abin da ya faru."

"Zan rubuta."

Sati ya karɓi takalminsa, ya fara zuwa inda Remi yake kwance ana ɗaure masa ƙafa kafin a kai shi ɗinki. Ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo, ya ce, "Ɗan samari, ni na ji maka, ba shi ba. Ka yafe mini." Remi ya kalli ƙusoshin, ya kau da kai, can ya gyaɗa.

Mista Julius, mai farar taguwar, ya riga ya kai bakin motarsa. Sati ya bi shi da ɗingishi, Dinatu tana biye. Mutumin ya saurara har ƙarshe, yana juya takalmin a hannunsa.

"Kai wane ne a wurinsa?"

"Yayansa ne, ranka ya daɗe. Ni ne kuma shumekansa."

"Ba na ɗaukar mai mugun wasa. Kullum a kore shi, in rasa mutum a fili. Shi ya sa na soke sunansa." Ya fito da littafin, ya daɗe yana kallon shafin. "Ban yi maka alkawari ba. Ya zo Kaduna ran Laraba in sake ganinsa. Amma kada ya zo da takalmin da ka taɓa."

"Ba zai zo da shi ba."

A kiya-kiyar komawa, rana tana gab da faɗuwa, mutanen Jushi suka bar musu kujerar baya, babu mai juyowa. Ɗanmalam kaɗai ya matso ya zauna kusa da Sati, ya ɓare goro ya ba shi rabi.

"Akwai ɗan ƙanwata a Basawa," in ji shi, "ƙafarsu ɗaya da Kefas. Takalminsa na kanti ne. Gobe zan karɓo."

Kefas ya ɗago kai a karo na farko. "Yaya, da ka yi shiru ai ba wanda zai sani."

"Ita ta sani," in ji Sati, ya nuna Dinatu da haɓa. Ya yi ta tauna goron har suka wuce gada. Sannan ya juya wurin Ɗanmalam. "Amma fa na farkon nan kafaɗa ce. Ko a gaban wa zan faɗa. Sau bakwai ya busa mana kafin hutu."

"Ka fara ko?"

"Uwata, sau nawa?"

"Bakwai, Baba."

Ta gyara jakar a kan cinyarta don kada ƙusoshin su huda buhun. Ta gane cewa daga Litinin takalma kaɗan ne za su zo rumfarsu, kuma babanta ya san haka tun kafin ya ɗaga hannunsa.