Zisis Ɗan Wa?

Stamatia na kankare kifi a rumfarta ta kasuwar Volos sai ɗan sanda ya tsaya gabanta ya cire hula. An tsinci 'yarta Evdokia a gonar zaitun da tsakar rana, an kakkarya mata haƙarƙari, an shaƙe ta da igiyar jakarta. Direban tasin da ya ɗauko ta daga wurin aiki yana hannu.

Stamatia ce kullum ke ce wa 'yar, "Rabu da bas ɗin nan, hau tasi. Su sai an bincike su ake ba su mota."

Ba ta ajiye wuƙar kifin ba. Da ita ta faɗa ofishin kamfanin tasin, ta kafa ta a teburin manaja Lambros.

"Mama, don Allah!" Ya zaro takardar binciken direban. "Duba da kanki. Zisis Karavidas, ko sau ɗaya ba a taɓa kama shi ba."

"Ɗan wa?"

"Na'am?"

"Kurma ne kai? Zisis ɗan wa?"

Bai sani ba. Ita ta sani, ƙauyensu ɗaya da direban. Tsoho Zisis maza biyu ya haifa, Pavlos da Fotis, kowanne ya sa wa ɗan farinsa sunan tsohon, kamar yadda aka saba. Ɗan Pavlos makiyayi ne, ko kaza ba ya iya yankawa. Ɗan Fotis kuwa, wato direban, shekara tara ya yi a kurkuku, guduma ya sauke wa matarsa a ka.

Ta jawo takardar, ta bi haruffan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sunan uba: Pavlos.

"Takardar ɗan'uwansa ya kawo maka, jaki! Layi ɗaya ne ƙasa da sunan!"

"Mota arba'in gare ni, Mama, wa ke da lokacin..."

Ta sunkuci kwalbar da ke teburin ta maka masa a baki. Haƙora biyu suka faɗo kan takardar. Ta ƙara masa a kunne, kwalbar ta tarwatse. Sai da direbobi uku suka taru suka ɓamɓare ta.

An yi wa ɗan Fotis ɗaurin rai da rai. Lambros ya sa haƙoran roba ya koma kujerarsa.

Har yau, kowace safiya kan hanyar kasuwa, sai ta bi layin tasi tana leƙa tagogi. Direbobin sun saba, ba sa jira ta buɗe baki.

"Ni ɗan Manolis ne, Mama. Ubana bai canza ba tun jiya."

Sai ta gyaɗa kai, ta matsa mota ta gaba.