Go Het a Tashar Eriku

Kaupa na rataye a ƙofar bas yana kiran fasinja a tashar Eriku, sai ya hango matarsa Rosina a tagar motar Goroka da ke bayansu, ta rungume jakarta ta saƙa a ƙirji.

A nan birnin Lae, kalmar "go het", wato "ci gaba", ita ce abincin kwandasta. Ya bugi jikin mota ya faɗe ta, direba ya ja. Da ita ma ya yi ta lallashin Rosina tun aurensu: "Ki ƙara haƙuri, mu ma za mu go het, mu sayi tamu motar." Shekaru suka shuɗe suna ɗaki ɗaya mai yoyo. Yau da safe ta ce ta gaji, za ta koma gonar kofi ta mahaifinta a Goroka. Shi kuwa ko ɗago kai bai yi ba.

"To, go het mana," ya ce. "Wa ya riƙe ki?"

Bai zaci za ta ɗauki maganar da gaske ba.

Yanzu ga motar su Kaupa ta tare hanyar fita. Muddin bai buga ba, motar Goroka ba ta da inda za ta bi.

"Kai Kaupa!" direbansa Baundo ya daka masa tsawa. "Mun cika! Ko bakin naka ne ya mutu?"

"Saura mutum ɗaya."

"A kanka zai zauna?" wata tsohuwa ta ce, fasinjoji suka kwashe da dariya.

Kaupa ya diro, ya nufi tagar da Rosina take. Duk maganar da ya shirya ta gudu.

"Uwar gida... hanyar ba kyau, an yi ruwa a kan dutse."

"Na sani."

"Da safe ba haka nake nufi ba."

"Kalmarka ce, Kaupa. Kullum ita kake faɗa, ka fi kowa sanin abin da take nufi." Ba faɗa a muryarta, gajiya ce kawai, kuma wannan ya fi yi masa ciwo.

Direban Goroka ya danna ham. Baundo bai ƙara jira ba, ya ja mota, dole Kaupa ya bi ta da gudu ya ɗare ƙofa. Hanya ta buɗe.

Da motar Goroka ta zo wuce su, Rosina ta leƙo. Ya miƙo kai don ya ji ta.

"Akwai dankali a tukunya," ta ce. "Ka ɗumama shi kafin ya lalace."