Abin da Sabuwa Ta Nuna Mini

Ina ɗaure akuya a ƙofar gida Sabuwa, matar maƙwabcina Mode, ta leƙo daga zaurensu riƙe da roba an rufe ta da tsumma. Matar da ko gaisuwa sai ta sunkuyar da kai, ran nan ido cikin ido ta dube ni.

"Malam Sa'adu, don Allah taho ka gani. Kunya ta ƙare."

Ta janye tsumman. Fitsari ne, amma ja wur kamar an jiƙa zoɓo, da gudajin jini a ƙasa.

"Na wa na?" na tambaya, ko da yake na sani.

"Na abokinka. Tun damana bai washe ba. Ya hana ni faɗi."

Na iske Mode a kan tabarma, ya jingina da buhunan gero. Manomin albasa ne, rayuwarsa duk a ruwa ya yi ta, daga gulbi zuwa hanyoyin ban-ruwa na Goronyo. Yanzu wuyansa ya zama kamar na ɗan tsako.

"Har kai ta kirawo?" ya ce, yana murmushin gajiya. "Tsargiya ta, Sa'adu. Wa bai yi ta ba cikinmu muna yara?"

Gaskiyarsa. Da muna yara kusan kowa in ya tsuguna sai ya ga ɗigon jini a ƙarshe, manya su ce girma ne ke zuwa. Nawa ya tafi bayan na sha ƙwayoyin da aka raba. Mode yana gona ranar, bai kuma nema ba.

Da ƙyar na ɗora shi a babur zuwa asibiti. Malamar da ke aiki, Susanna, ta ɗaga kwalbar da aka ba shi ya yi fitsari a ciki, ta duba ta a haske.

"Baba, na mai lafiya ruwan ɗorawa ne mai haske. In ya yi duhu, sau da yawa jiki na neman ruwa ne. Amma ja irin wannan ba a kwana da shi a gida. Yaushe ya fara?"

"Shina zuwa shina tahiya," in ji Mode.

"Tun da anka kawo ni gidanai nike ganin shi," Sabuwa ta ce a hankali.

Aka tura mu Sakkwato. Muka yi ta jeka-ka-dawo, yau hoto, gobe ɗibar jini, jibi likita bai samu fitowa ba. Daga ƙarshe aka ce tsargiyar da ta daɗe ta haifar da ciwon daji a mafitsara, kuma ya riga ya yaɗu. Mode ya saurara har aka gama, sannan ya jawo hannun rigata.

"Kai ni gida. Na gaji da hanyag ga."

Muka dawo da shi da robar fitsari da jakarta rataye a gefen gado. Kullum da safe in na shiga, kafin Sabuwa ta amsa gaisuwa sai ta ba ni labarin jakar. "Yau ya ɗan yi haske," ta ce wata rana, har da dariya, ta dama masa kunu ya sha rabi. Washegari fitsarin ya koma baƙi-baƙi kamar shayin da ya kwana. Daga nan ya fara raguwa, ƙafafunsa suka kumbura.

Ran Talata na tarar da ita tsugune, tana kallon jakar.

"Babu ko ɗigo, Malam. Mi ke nan?"

Na zauna na riƙe hannun Mode ina maimaita masa kalmar shahada, leɓɓansa na bi. Bayan azahar ya cika.

Da muka dawo daga maƙabarta na shiga cikin gida in yi wa Sabuwa gaisuwa. Mata sun cika tsakar gidan, amma ba mai magana. Wata tsohuwa ta ɗaga mini hannu alamar in yi shiru. Sabuwa na zaune ta jingina da bango, carbi ya zame daga yatsunta, barci ya ɗauke ta, bakinta a ɗan buɗe.