Ɗan Lidon Halvard

"Ki tsallake zuwa ƙarshe, Torunn," in ji Ingvild daga bakin ƙofa. "Nas ta ce da wuya Baba ya kai gobe."

Mahaifinta Halvard ya ɗaga yatsa daga kan bargo ya kaɗa alamar a'a. Ciwon maƙogwaro ya cinye masa murya, amma ko kusa bai taɓa taurin kansa ba.

Torunn, maƙwabciyarsa ta ƙofa da ƙofa a benensu na birnin Bergen, ta dubi kaurin shafukan da suka rage a littafin da take karanta masa. Tun rasuwar matarsa suke musu a kan littattafan dodanni da matsafa, ita ta yaba, shi ya kushe. Yadda jaridun ƙasar suke auna littafi da idon ɗan lido, ɗaya zuwa shida, haka shi ma ya ajiye nasa a gefen gado. In ya gama littafi sai ya juya ɗan lidon ya nuna makin da ya ba shi. Bai taɓa ba kowa fiye da huɗu ba, tsohon marowaci.

Wannan shi ne littafin ƙarshe na labarin Sigvor mai gadin gada, wadda suka yi shekaru suna jiran ta koma garinsu. Torunn ta riga ta karance shi a ɓoye, ta kuma tsane shi. Sigvor ba ta koma ba, a kan gadar ta mutu. Masu karatu sun yi ta zagin marubucin a intanet, ita ma biyu ta ba shi. Faɗa wa Halvard ƙarshen labari kuwa ya fi zagi zafi a wurinsa.

Ta ci gaba da karatu da sauri, harshenta har sarƙewa yake. Kofin da Ingvild ta kawo mata ya huce. Numfashin Halvard ya fara tsayawa yana dawowa, duk tsayawar sai ta ji ranta ya bi shi.

Can ya kamo hannun rigarta. "Ta koma gida?" Da ƙyar maganar ta fito.

Tausayi ya kama Torunn. Ta buɗe shafukan baya, ta kafa ido a kai, ta shiga shirya nata: ga Sigvor ta sauko daga gada, ga uwarta a ƙofa, ga miya a wuta. Ingvild tana share hawaye.

Halvard ya lalubo ɗan lidon, ya ajiye a kan littafin. Ɗaya.

"Maƙaryaciya," ya ce. "Ko shafi ba ki juya ba."

"To me kake so in yi da kai, tsohon rigima? Ba daɗi ƙarshen!"

"Ni zan faɗa. Karanta."

Ingvild ta roƙe ta da ido kada ta yi. Torunn ta kau da kai, ta koma babin ƙarshe na gaskiya. Ta karanta yadda Sigvor ta tsaya ita kaɗai har mutanen garin suka gama haye ruwa, yadda ta hango hayaƙin gidansu, ta san ba za ta kai ba, ta zauna ta cire takalmanta. Tsoro ya hana Torunn ɗaga kai. Ba ta so ta san ko yana ji ko ya daina, sai da ta kai layin ƙarshe.

Ingvild ce ta rufe masa ido, sannan ta fita kiran nas.

Torunn ta zauna da littafin a cinya, ruwan sama na sauka a taga. Ba ta san a wane shafi ya tafi ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Da ta tashi gyara masa bargo, sai ta ga hannunsa a kife. Ta ɗaga yatsun a hankali.

Ɗan lidon yana ƙasa, ido biyar a sama. Ta ɗauke shi a yadda yake, ta ɗora a kan bangon littafin.