Ranar da Kujerata Ta Nemi Fanshona

Daren jiya mafarki ya kai ni wani gari da ban taɓa zuwa ba, amma kowa a cikinsa ya san sunana. Na tsinci kaina da hantsi a bakin wani dogon gini, da jallabiyar zaman gida a jikina, silifas kuma ƙafa ɗaya nawa, ɗaya na matata Kulu. Aka ce ranar tantance 'yan fansho ce, ranar da mutum ke kai kansa a gan shi ido da ido a tabbatar bai mutu ba. Ni malamin dabbobi ne, na yi aikina har gwamnati ta ce in je in huta, kuma tun da na ajiye aiki babu tantancewar da ta taɓa wuce ni. Saboda haka ko ɗar ban ji ba. Na shiga layi.

Ana ruwa a lokacin. A garin, daga ƙasa ruwa ke tsattsafowa ya yi sama, shi ya sa maza suka ɗaure bakin wandunansu, mata kuma suka buɗe lema suka tsaya a kanta. Gajimare yana can sama yana cika a hankali kamar randa.

Wadda ke gabana a layi kujera ce. Farar kujerar roba, mai karyayyen hannu da aka ɗaure da waya. Nan take na gane ta: a kanta nake zama a ƙofar gida tun daga karin kumallo har la'asar. Ta sa hulata ta zuwa Juma'a.

"Malam Barau, ina kwana?" in ji ta.

"Lafiya lau. Me ya kawo ki nan?"

"Fansho na zo karɓa. Naka."

Na ce mata ba a haka. Ta ce ita ma ba da son ranta ba ne, amma tun da na yi ritaya ita ke ɗauke da nauyin maigida, kuma duk unguwa shaida ne.

Sai ga mu a cikin ofis. Awaki ke riƙe da shi. 'Yan bunsuraye na kai da komowa da hatimi a baki, wani yana cin labulen taga cikin natsuwa. Darakta jar akuya ce mai tabarau da tsohon ciki. Ta dube mu ta saman gilashin, tana tuƙa.

"Wane ne Barau a cikinku?"

Ni da kujera muka amsa tare.

"Mai rai muke biya," in ji Darakta. "Ke, me kika yi jiya?"

"Ina ƙofar gida, ranki ya daɗe."

"Kai fa?"

"Ni ma ina ƙofar gida."

"Shekaranjiya?"

Amsarmu ba ta canza ba.

"To ni ban ga bambanci ba," in ji ta. "Kuma ita ƙafa huɗu gare ta, ka ga ta fi kama da ma'aikaci. Je ka kawo wanda zai shaida kana da rai. In gajimare ya cika ba ka dawo ba, fansho ya zama nata."

Ban ɗaga murya ba. Na dai tuna mata cewa da fanshon nan ake sayen masarar gidana da maganin hawan jinin Kulu, kuma kujera ba ta cin tuwo. Darakta ta ce wannan maganar mai shaida ne zai yi ta, ba ni ba.

Na iske Kulu a kasuwa. A kasuwar garin mutane ne ke zaune a rumfuna, kayan miya ke yawo suna taya su. Wata albasa na tsaye a gabanta tana cewa ta yi tsada.

"Kulu, taso ki shaida wa hukuma ina da rai."

Ta kalle ni daga sama har ƙasa. Babu fushi a fuskarta.

"Malam, ka san ba na rantsuwa a kan abin da ban tabbatar ba. Na dai san akwai wanda ke leƙo madafa kullum yana tambaya ina sauran man gyaɗan da aka saya ranar kasuwa. Da can kuwa akwai wani mutum da ke dawowa gida da warin garke a rigarsa, yana ba ni labarin saniyar da ya tayar har tuwo ya huce. Wancan zan iya rantsewa a kansa. Ka gan shi?"

Na ce zan nemo shi. Ta ce in ba ta takalminta tukun. Na cire na ba ta, na ci gaba da ƙafa ɗaya a ƙasa, ruwa yana yi mini cakulkuli a tafin ƙafa.

Bayan kasuwa akwai wata gona. A ciki na ga Cindo, abokina tun muna firamare, wanda shi ma ya ajiye aikin koyarwa. Yana sunkuye da fartanya yana tona ramuka, yana zuba kuɗin garatutinsa yana rufewa.

"Barau, kawo naka!" in ji shi. "In ka shuka da safe, da yamma ka girbi ninki biyu. Wani mai babbar riga ne ya zo da irin."

"Naka ya tsiro?"

"Ya tsiro mana. Ƙasa yake yi, ai ka san halin garin."

"Ina mai babbar rigar?"

"Ya bi shi ƙasan, ya je dubawa."

Na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya ce zai yi mini shaida har da rantsuwa, in dai na shuka ko rabin nawa ne, don shi ma hankalinsa ya kwanta ya san ba shi kaɗai ba ne.

"Cindo," na ce masa, "ni ko akuya zan saya sai na buɗe bakinta na ga haƙora. Abin da ba shi da baki ba na sa masa gumina. Tone naka tun ramin bai yi nisa ba."

Ya tsaya da fartanya a hannu yana kallon ƙasa. Na bar shi ya fara tono.

Na koma ofis ba shaida. Gajimare ya kusa cika, har ya fara yin tumbi. Na riga na shirya maganar da zan yi, amma ban samu mai saurare ba. Darakta na kwance a kan siminti tana naƙuda, tabarau ya faɗi gefe. Bunsuraye sun kewaye ta, kowa na buga hatimi a bango don ya nuna yana aiki. Kallo ɗaya na yi na gane matsalar: ƙafa ɗaya ta fito, kan ɗan kuwa ya juya baya. In aka bar ta haka, daga ita har shi babu mai kai la'asar.

"A kawo ruwan ɗumi da sabulu," na ce. "Ku kuma ku matsa, ku ba ta iska."

Suka watse. Na naɗe hannun jallabiya. Na ce wa kujera ta zo ta riƙe kwanon ruwa. Ta zo ta riƙe, don wannan kam ta iya.

"Ranki ya daɗe, kada ki yi nishi sai na ce."

Na mai da ƙafar ciki a hankali. Na lalubo haɓar ɗan, na juyo kan ya hau kan ƙafafun gaba, yadda ya kamata ya zo duniya. Ban yi tunanin komai ba, hannuna ne ke gaba ina bin sa.

"Yanzu!"

Ya sulɓo. Na share masa hanci, na murza ƙirjinsa da tsumma. Ya yi atishawa, ya buɗe ido, ya tambaya ko an yi albashi. Aka ce masa sai ƙarshen wata. Ya ce haka ya zata, ya kama nono.

Darakta ta mai da tabarau. Ta daɗe tana kallon hannuna.

"Wannan mai rai ne," in ji ta. Ta tsoma kofato a tawada ta danna mini a goshi. "A biya shi. Kujera kuma a ɗauke ta aikin riƙe kwano."

Kujera ta cire hulata ta miƙo mini, ta ce dama ta yi mata yawa.

Da na fito, ruwa ya ɗauke, ƙasa ta bushe ƙayau. Wani sabon layi ya miƙe daga ƙofar ofis har bayan kasuwa, kuma ni ake jira. Ga tumaki, ga shanu, ga wata kaza da ta goyo zakaranta. Na gaba jaki ne mai fama da tari.

"Malam, nawa ake biya?"

"Abin da ya sawwaƙa. Amma magani kai za ka saya. Buɗe baki in gani."

Ya buɗe. Maimakon tari, sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na ce ya sake. Ƙwas, ƙwas.

Na buɗe ido. Rana ta leƙo ta taga, Kulu ce a tsakar gida take kankare tukunyar tuwo da cokali. Na ɗan jima a bakin gado ina kallon tafin hannuna.

"Kulu, ina jakar aikina?"

Kankarar ta tsaya.

"Tana saman sif tun ranar da aka yi maka walimar ritaya. Sauko da ita da kanka, Malam, hannuna duk ƙanzo ne."