Cekin da Aka Sa wa Leda

A ranar Litinin, uku ga watan Oktoba na shekarar 2005, Malam Cornelius, wanda ya yi shekara talatin da biyar yana aikin gwajin ƙasar noma a Samaru kafin ya yi ritaya, ya zauna ya rubuta cek na naira dubu ɗari huɗu da ashirin. Kuɗin bashi ne, kuma ya shekara uku da wata bakwai a wuyansa. Ya karɓo shi ne a watan Maris na 2002 daga abokinsa Alhaji Uba, mai sayar da hatsi a kasuwar Sabon Gari, domin ya sayi bas ɗin haya da za ta riƙe shi bayan barin aiki. Bas ɗin ta yi wata biyar tana jigila tsakanin Samaru da Sabon Gari, sannan ta tsaya a Kwangila wata safiya, ba ta ƙara motsi da ƙarfin kanta ba. Aka sayar da ita ga masu gwangwan, bashi kuwa ya tsaya inda yake.

A ƙarshen watan Satumba aka biya Malam Cornelius garatutinsa, wato kuɗin sallamar aiki, ya faɗa asusunsa a wani ƙaramin banki da ke da reshe ɗaya tak a Sabon Gari. Idan aka cire bashin, abin da zai rage masa naira dubu goma sha ɗaya ne. Duk da haka ya sa babbar riga, ya ɗauki matarsa Martina, suka tafi rumfar Alhaji Uba.

Alhaji Uba asalinsa Bakano ne, Malam Cornelius kuwa Bazazzagi, saboda haka ba su taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba. Amma da ya ga takardar, sai Alhaji ya ɗaure fuska.

"Haba Malam! Na aiko maka ne? Ko ka ji an ce yunwa ta shigo gidana?"

"Ba ka aiko ba, Alhaji. Shi ya sa nake jin kunyar haɗa ido da kai."

"Mayar da abinka aljihu. Bazazzagi da biyan bashi da rana tsaka? Yau za a yi ruwa da ƙanƙara."

Sau biyu ana miƙa masa yana turewa, kamar yadda kara ta tanada. A na uku Martina ta ce, "Alhaji, don Allah ka karɓa, mutumin nan ya samu ya yi barci." Sai ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana kallonsa, domin tun da yake kasuwanci da tsabar kuɗi yake yi, ba a taɓa rubuta sunansa a kan cek ba.

Ya kamata a tuna halin da bankuna ke ciki a lokacin. Tun watan Yuli na 2004 aka ba su wa'adi zuwa ƙarshen Disamba na 2005, kowanne ya tara jarin naira biliyan ashirin da biyar, ko ya haɗe da wani, ko ya rufe. Bankin Malam Cornelius bai tara ba, kuma babu wanda ya nemi haɗewa da shi. Da Disamba ta kama, ma'aikatansa da kansu suka fara kwashe ajiyarsu a asirce. Malam Cornelius bai damu ba, tunda a saninsa dubu goma sha ɗaya kawai gare shi a ciki. Sai bayan Kirsimeti da ya je cirar su aka nuna masa cewa kuɗinsa na nan cif, ko kwabo ba a taɓa ba. Ya gane cewa idan bankin ya rufe, garatutin ya tafi, bashin kuma yana nan.

Washegari, Alhamis, shi da Martina suka yi sammako zuwa kasuwa.

"Alhaji, ina cek ɗin da na ba ka?"

"Yana nan lafiya lau."

"Me ya hana ka kai shi banki?"

"In ruga banki kamar wanda dama jira yake? A ce Uba bai yarda da abokinsa ba? Na bari ne ya huce tukuna."

"Wata uku yana hucewa? Tuwo ne?"

Alhaji Uba ya yi murmushi irin na wanda ya tanadi abin mamaki, ya buɗe akwatin ƙarfe, ya fito da cek ɗin. Yana ƙyalli, ya sandare kamar farantin tangaran. Ashe da ya ga ɓeraye sun matsa wa rumfar, ga gumin aljihu, ga 'yan kasuwa kowa na so ya taɓa ya gani, sai ya kai shi shagon Chuks mai kwafin takardu, aka manne shi cikin leda da injin zafi, abin da ake kira laminatin. Haka ya yi wa takardar filinsa da shaidar haihuwar 'ya'yansa, bai ga dalilin da zai sa a bar takardar dubu ɗari huɗu tsirara ba.

"Mai kaurin na ce ya sa," in ji shi. "Chuks ya ce ko a kogin Kubanni ya faɗa, ba abin da zai same shi."

Malam Cornelius ya nemi buhun masara ya zauna a kai. Martina ta ce, "Yesu mai ceto." Daga nan su uku suka nufi banki.

Layi ya fito har bakin titi. Sai wajen azahar suka kai gaban kashiya, wata budurwa mai suna Akunna. Ta juya cek ɗin gaba da baya, ta ƙwanƙwasa shi a kan kanta, ya yi ƙara.

"Baba, wa ya yi wannan aikin?"

Alhaji Uba ya ce, "Ni ne, 'yata. Bai yi kyau ba?"

"Ya yi kyau, Baba, amma ya mutu. Ina zan buga hatimi? Ina za ka sa hannu a bayansa?"

"Ki buga a kan ledar mana."

Ta buga don ya gani, ta shafa da yatsa, tawadar ta goge tas. Mutanen layi suka fara leƙowa. Wani soja daga Basawa ya nemi a ba shi ya riƙe, ya yi fifita da shi, ya ce aƙalla yana da amfani.

Wani dattijo a layin ya ba da shawara cewa abin da zafi ya manne, zafi ne zai ɓamɓare shi. Suka tsallaka titi wajen wani mai wanki da guga. Ya shimfiɗa ƙyalle a kai, ya ɗora dutsen guga na gawayi, Alhaji Uba na tsaye yana cewa a bi a hankali. Da leda ta yi laushi, mai guga ya kama gefe biyu ya ja. Takardar ta rabu biyu ta tsakiyar kaurinta: fuskar ta bi leda ɗaya, bayan ya bi ɗayar.

Alhaji Uba ya ɗaga su sama ya duba. "To, yanzu sun zama biyu. Ko za su karɓi ɗaya?"

Ba su karɓa ba. Aka shigar da su ofishin manaja, Mista Oladipo, mutum mai haƙuri wanda ya riga ya kwashe hotunan iyalinsa daga kan tebur. Ya ce abu mai sauƙi ne, Malam Cornelius ya rubuta wani cek. Malam Cornelius ya ce wancan shi ne na ƙarshe a littafinsa. Sabon littafi kuwa daga Legas ake kawowa, mako uku. Aka ce to ya ciri kuɗin a hannu. Manaja ya sunkuyar da kai ya ce umarnin da aka ba shi, kada a ba kowa fiye da dubu goma a rana.

"Kwana arba'in da biyu ke nan," in ji Malam Cornelius. "Mista Oladipo, tsakaninka da Allah, bankin nan zai kai kwana arba'in da biyu?"

Manaja ya dubi silin, ya ce shi ba a ba shi izinin yin annabci ba. Sannan ya ce hanya ɗaya ta rage wadda za a gama a yau: Alhaji ya buɗe asusu a nan, a tura masa kuɗin daga asusun Malam. A rubuce, an biya bashi.

"Buɗe mini," in ji Alhaji Uba.

"Ba za a buɗe ba!" Malam Cornelius ya miƙe. "Alhaji, ka gane abin da ake faɗa? Rumbu ne ya kama da wuta, ake cewa in auna maka hatsinka a ciki. In ya rufe, kuɗinka ne zai ƙone."

"To ni na sa ledar ko kai?"

"Ni na ajiye kuɗi a wannan bankin!"

"Ni na bar shi yana hucewa!"

"Asarar tawa ce, Alhaji, kada ka yi mini ƙwace."

"Ji Bazazzagi! Ko asara ba zai bar wa mutum ba. Wallahi tawa ce, ina da shaidu cike da layi."

Muryoyinsu suka kai waje. Masu layi, da suka yini suna faɗa kan wanda zai fara tsira da nasa, suka yi tsit suna sauraron mutum biyu da ke faɗa kan wanda zai rasa. Mista Oladipo ya ce shekararsa goma sha tara a aikin banki, bai san fom ɗin da ake cikewa a irin wannan ba.

A nan ne Martina ta ajiye jakarta a kan teburin manaja, ta dubi mijinta.

"Baban Ƙauna, zauna. Shekara uku da wata tara ina jin juyinka a kan gado. Alhaji ya ce nasa ne, kuma da bakinsa ya faɗa, ba a matsa masa ba. Alhaji, ka tabbata?"

"Na tabbata, Maman Ƙauna."

"To manaja, kawo takardar. In kuma wani ya ƙara cewa uffan, ni za a buɗe wa asusun, ku duka ku huta."

Malam Cornelius ya koma ya zauna. Aka nemi hoton fasfo biyu, Alhaji ya fita wajen mai hoton jira-ka-karɓa, ya dawo da su ba su gama bushewa ba, idonsa ɗaya a rufe. Aka nemi mutum ɗaya mai asusu a bankin da zai tsaya masa, Malam Cornelius ya sa hannu yana huci. Kafin la'asar Akunna ta danna na'ura, naira dubu ɗari huɗu da ashirin suka tashi daga wani asusu suka sauka a wani, a cikin bankin da ba shi da su.

A bakin ƙofa Alhaji Uba ya miƙa wa abokinsa hannu. "Na karɓa, Malam. Babu sauran komai tsakaninmu."

"Ba ka karɓi komai ba, Bakano."

"Na karɓa mana. Ga rasit."

Washegari Jumma'a Alhaji ya bi layi ya ciri dubu gomarsa ta farko, ita ce kuma ta ƙarshe a wannan reshen. Bayan hutun sabuwar shekara ƙofar ba ta ƙara buɗewa ba, kuma a ranar goma sha shida ga Janairu na 2006 aka soke lasisin bankin tare da sauran da suka kasa cika wa'adi. Ragowar dubu ɗari huɗu da goma sun fito a watan Mayu na 2007, ta hannun wani banki da ya karɓi ajiyar mutane, bayan Alhaji Uba ya je Kaduna sau huɗu. Malam Cornelius ne ya biya kuɗin mota duka huɗun.